Zan fara ganin masaniyar halayyar ɗan'adam a asibitin kuɗi: me zan tarar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce mai yara uku. Watanni ke nan ina fama da faɗuwar gaba haka kawai. Zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi, numfashina ya yi sama, hannuwana su yi sanyi, in ji kamar raina zai fita. An yi mini gwajin zuciya da na jini, an ce lafiyata lau. Likita ya ce in ga masanin halayyar ɗan'adam. Na samu wata mai zaman kanta, ta ba ni rana mako mai zuwa. Me za ta yi mini? Magani za ta ba ni? Abin da na gaya mata zai iya komawa kunnen maigidana ko dangina? Kuma zuwa nawa zan yi kafin in ga sauƙi, tunda da kuɗina zan biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da fama, Allah ya kawo sauƙi. Sai an zauna da ke kafin a yanke hukuncin abin da ke damunki, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da firgicin nan da ke faɗo wa mutum farat ɗaya ba tare da wani abin tsoro a gabansa ba. A cikin matsalolin da muke gani a wannan aiki, yana daga cikin waɗanda aka fi samun nasarar magance su. Likitanki ya kyauta da ya fara duba zuciya da jini. Idan ba a haɗa da gwajin halittar nan ta gaban wuya ba, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo, ki roƙa a yi, domin idan tana aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da zufa da rawar hannu irin waɗannan.

Masaniyar da za ki gani ba za ta rubuta miki ƙwaya ko allura ba. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, wanda ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni. Ita masaniyar halayyar ɗan'adam kayan aikinta magana ce mai tsari, da gwaje-gwajen tambaya da amsa, da atisayen da za ta koya miki. Idan ta ga kina buƙatar magani, za ta tura ki wajen likita, su yi aiki tare. Kuma tunda yanzu kowa yana iya buɗe shafi a Instagram ko TikTok ya kira kansa mai ba da shawara, ki tambaye ta karatunta ba tare da jin nauyi ba. A Najeriya wadda ta cancanci duba irin matsalarki tana da digirin farko a ilimin halayyar ɗan'adam, da digiri na biyu a ɓangarensa na asibiti, kuma ta yi aikin horo a ƙarƙashin manya a asibitin koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko Aro a Abeokuta. Ki tambaya ko tana cikin ƙungiyarsu ta ƙasa, NACP, kuma ko ta saba duba masu irin wannan firgici. Mai ilimin gaske takan ji daɗin wannan tambaya. Wadda ta ɓata rai don an tambaye ta, ki yi tunani sau biyu.

Zaman farko yawanci na tambayoyi ne, kuma yakan kai awa ɗaya ko ya ɗan wuce. Kafin a fara za a buɗe miki fayil, a ba ki takardar amincewa ki karanta ki sa hannu. Ki karanta ta da gaske, domin a nan ake rubuta kuɗin zama, da abin da zai faru idan kika fasa zuwa ba ki sanar ba, da iyakar sirri. Daga nan za ta nemi jin yadda abin ya fara, inda ya fi kama ki, abin da kike ji a jiki, tunanin da ke zuwa miki a daidai lokacin, da abin da kike yi don ya lafa. Za ta tambayi barcinki da cin abincinki, haihuwarki ta ƙarshe da yadda jegon ya kasance, rasuwa ko tashin hankalin da kika gani, zamanki da maigida da dangin miji, ko akwai abokiyar zama, ko a danginku akwai mai irin wannan. Za ta tambayi abin da kike sha, har da goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, domin duk suna ɗauke da sinadarin da ke sa zuciya sauri. Ki tafi da sakamakon gwaje-gwajenki da duk maganin da kike sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya.

Akwai tambayoyi biyu ko uku da sukan girgiza mutum idan bai shirya musu ba. Za ta tambaye ki ko kin taɓa jin gara ki mutu, ko kin yi tunanin cutar da kanki. Za ta iya tambayar ko wani yana dukanki ko yana tilasta miki. Kowa ake yi wa waɗannan tambayoyi, ba don ta ga wani abu a fuskarki ba, kuma tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Mun taso ana gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a zaman duniya wannan tarbiyya tana da amfaninta. Amma a ɗakin nan ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Duk da haka ba dole ba ne ki juye komai rana ɗaya. Idan ta taɓo wurin da ba ki shirya ba, ki ce mata "wannan sai nan gaba", ya fi ki ce babu alhali akwai, saboda a kan amsarki za ta gina tsarin aikin. Idan kuka ya zo miki ki yi abinki. Idan kin fi iya bayyana zuciyarki da Hausa, ki nemi a yi da Hausa ko da kina jin Turanci.

Wataƙila ta ba ki wasu takardun tambayoyi ki cike. Waɗanda aka fi amfani da su su ne PHQ-9, mai tambaya 9 a kan ciwon damuwa, makinsa daga 0 zuwa 27, da GAD-7, mai tambaya 7 a kan fargaba, makinsa daga 0 zuwa 21. Dukansu suna tambaya ne a kan mako biyun da suka wuce. Ba jarrabawa ba ce. Amfaninsu shi ne a sake cike su bayan 'yan makonni a ga ko lambar tana sauka, don kada ku dogara da "ina jin dama-dama" kawai.

Maganar sirri na san ita ce ta fi tsaya miki a rai, don haka bari in yi miki dalla-dalla. Abin da kika faɗa a ɗakin amana ce. Ba ta da hurumin gaya wa maigidanki, ko mahaifiyarki, ko wurin aikinki, sai da izininki. Ko da maigida ne ke biyan kuɗin, biyan kuɗi bai ba shi ikon jin abin da kuka tattauna ba. Idan ya kira ta a waya yana tambaya, abin da ya dace ta ce masa shi ne ba za ta iya magana a kanki ba sai kin yarda. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mutunci da sirrin marar lafiya. To amma sirrin yana da iyaka, kuma ya kamata ta gaya miki tun ranar farko. Idan ta ga ranki yana cikin haɗari na kusa, ko kina shirin cutar da wani, ko ana cin zarafin yaro, ko kotu ta ba da umarni, za ta iya buɗe abin da ya zama dole. Ko a nan ma, mai aiki da ƙa'ida takan fara gaya miki, ku zaɓi wanda za a kira tare. Haka kuma takan kai matsalar wajen wani babba a aikin don neman shawara, ba tare da ambaton sunanki ba.

A garuruwanmu inda kowa ya san kowa, sau da yawa sirri ba daga bakin masaniya yake fita ba. Daga teburin karɓar baƙi yake fita, ko fayil da aka bari a buɗe, ko saƙon WhatsApp da wani ya gani a wayarki. Ki tambaya a ina ake ajiye fayil, wa ke iya buɗe shi, kuma ta wace lamba za a riƙa tuntuɓarki. Idan wani zaman ta waya ko bidiyo za ku yi, ki nemi ɗakin da za ki rufe ƙofa. Ra'ayina kuma, idan zamanku da maigida na fahimta ne, akwai alheri a gayyato shi zama ɗaya nan gaba, a yi masa bayanin yadda firgicin yake da yadda zai taimaka. Maza da yawa suna ɗaukar abin a matsayin raki ko shagwaɓa har sai sun ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya. Amma ke za ki yanke wannan, da lokacin da za a yi, da abin da za a faɗa a gabansa.

Kada ki sa ran fitowa daga zaman farko a warke. Wasu sukan fito sakayau don sun sauke abin da suka daɗe suna ɗauke da shi, wasu kuma su fito a gajiye, har barcin daren ya gagara. Duka biyun ba abin damuwa ba ne. Abin da nake so ki sa ido a kai shi ne zama na biyu ko na uku. Zuwa lokacin ya kamata ta iya zayyana miki, da kalmomin da kike ganewa, abin da take ganin yana faruwa, abin da ke sa ya ci gaba, hanyar da za ku bi, da kimanin tsawon lokacin. Ku kuma sa buri wanda ake iya gani da ido. "Ina so in samu kwanciyar hankali" buri ne mai kyau amma ba a auna shi. "Ina so in iya zuwa kasuwa ni kaɗai", ko "in zauna a gidan biki har a tashi", wannan kowa zai san ranar da aka cim masa.

Ga irin matsalarki, hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda za ki ji ana kira CBT. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ne ya assasa ta a Amurka a shekarun 1960, sannan a 1986 David Clark na Ingila ya fitar da bayanin yadda firgici ke juyawa, wanda har yau da shi muke aiki. Abin yakan fara da wani ɗan motsi a jiki, misali zuciya ta ƙara sauri don kin hau bene ko kin sha shayi ko kin tuna wani abu. Sai tunani ya ce ciwon zuciya ne, mutuwa ce ta zo. Jiki yana jin haka sai ya saki sinadarin da ke shirya mutum gudu ko faɗa, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin yana rage wata iska a cikin jini, shi ne ke kawo jiri da sanyin hannu da jin kamar ana tsira miki allura a yatsu da leɓe. Ganin waɗannan sai ya ƙara tabbatar miki da cewa kina mutuwa, abin ya sake hawa. Yakan kai ƙololuwa cikin mintuna kaɗan, sau da yawa kusan 10, sannan ya sauka da kansa. Azabarsa gaskiya ce, babu ƙarya ko ƙirƙira a ciki, amma shi kansa firgicin ba ya tsayar da lafiyayyar zuciya.

Abin da ke riƙe ciwon ya daɗe shi ne dabarun da mutum ke yi don kare kansa. Ki daina shiga a-daidaita-sahu, ki daina zuwa kasuwa, ki ƙi zama ke kaɗai a gida, ki riƙa auna hawan jini safe da yamma, ki ƙi fita sai da ƙwaya a jaka. Kowace dabara tana ba ki sauƙi na ɗan lokaci, amma tana hana ki gano cewa da kin tsaya ma babu abin da zai same ki. Don haka aikin zai kai inda za ta nemi ki fuskanci abin da kike gudu, daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Har a cikin ofis za ta iya sa ki yi saurin numfashi da gangan na ɗan lokaci, ko ki yi tsalle-tsalle har zuciya ta buga, ko ki juya har ki ji jiri, domin jikinki ya koyi cewa waɗannan alamu ba mutuwa ba ne. Na san jin wannan kaɗai yana iya tayar miki da hankali. Ba a yin sa sai an yi miki bayani kin amince, kuma idan kina da juna biyu, ko asma, ko farfaɗiya, ko wani ciwon zuciya, ki faɗa tun farko don a sauya atisayen. A makonnin da aka fara wannan mataki fargaba takan ɗan ƙaru kafin ta sauka. A nan ne mutane da yawa ke daina zuwa, alhali a nan ne aikin ya fara ci. Idan kin ji ya yi miki yawa, ki koma ki gaya mata a rage gudu, kada ki ɓace.

Kowane zama bayan na farko yakan ɗauki minti 50 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Ku duba yadda makon ya wuce, ku zaɓi abin da za ku yi a ranar, ku ƙare da aikin gida. Kamar karatun allo ne: malam zai biya miki, amma a tilawa karatu ke zama. Wadda ke zuwa kowane mako ba ta taɓa aikin gida tana biyan cikakken kuɗi tana karɓar rabin amfani.

Game da yawan zuwa, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, ta ba da shawarar awa 7 zuwa 14 gaba ɗaya ga mai irin wannan firgici, yawanci a kammala cikin wata huɗu. Idan akwai ciwon damuwa a tare, ko wani tsohon tashin hankali kamar fyaɗe, garkuwa, ko ganin kisa, yakan fi haka tsawo. Kuɗi ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka ki yi maganarsa a fili tun ranar farko. Ki gaya mata iya zaman da aljihunki zai ɗauka. Idan shida ne, a tsara aikin a kan shida, a sa abin da ya fi muhimmanci a gaba. Ya fi a fara kamar za a shekara, kuɗi ya yanke a tsakiya. Ki tambaya ko tana rangwame, ko za a iya komawa mako biyu-biyu idan an fara ganin sauƙi. Idan ya gagara, asibitocin gwamnati irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da asibitocin ƙwaƙwalwan da na ambata suna da sashen wannan aiki a kuɗi mai sauƙi, sai dai layi da jira. Ku kuma sa ranar waiwaye, misali bayan zama na biyar ko na shida. Idan makin takardun tambayoyin nan bai motsa ba, rayuwarki ma ba ta motsa ba, haƙƙinki ne ki ce a sake duba tsarin.

Idan aka kai ga magani, likita yakan ba da irin su sertraline ko fluoxetine. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma a kwanakin farko suna iya ƙara fargaba kaɗan. Ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita. Abin da nake roƙonki shi ne ki guji sayen Valium ko Lexotan a kemis don kwantar da gaba. Suna kwantarwa cikin sauri, shi ya sa jiki ke sabawa da su, kuma suna lalata atisayen da na bayyana, tunda za ki ɗauka ƙwayar ce ta cece ki. Idan kin riga kin daɗe kina sha, kada ki daina da kanki, ki faɗa a rage miki a hankali.

Ba ki tambayi addini ba, amma na san za a tambaye ki a gida. Za a ce aljanu ne, ko sammu, ko raunin imani. Zuwa wajen masaniya bai hana ki addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani ba, kuma wadda ta san aikinta ba za ta raina imaninki ba, ba kuma za ta mayar da zaman wa'azi ba. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa don ya yi amfani da su idan damuwa ta taso. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne duka, ko ɗauri, ko hayaƙin da ke shaƙe mutum, ko a ce ki bar maganin asibiti.

Dangantakarki da ita tana da nauyi ƙwarai. Bincike na shekaru masu yawa ya nuna cewa jituwa tsakanin mai jinya da mai duba shi, da yarda a kan buri da hanyar aiki, suna daga cikin abubuwan da ke nuna ko za a yi nasara. Ki ba ta zama biyu ko uku. Idan kina jin ba ta saurarenki, ko tana yanke miki hukunci, ki fara gaya mata, domin sau da yawa wannan magana ce ke gyara tafiyar. Idan ba ta gyaru ba, ki sauya, ba ki yi laifi ba. Amma akwai abubuwan da ba a ba su uzuri: ta yi miki alkawarin warkewa cikin kwana kaza, ta riƙa ba ki labarin wasu masu zuwa wajenta da sunayensu, ta sayar miki da wani haɗin magani, ta nemi rance ko ta jawo ki kasuwanci, ta umarce ki ki kashe aurenki ko ki zauna dole. Idan kuma wata rana namiji ne ke duba ki, duk wata maganar soyayya, ko taɓa jiki, ko gayyata wajen ofis, cin amanar aiki ne. Ki tashi, ki kai ƙara ga shugabannin asibitin ko ƙungiyarsu.

Idan kafin ranar ki ji tunanin kashe kanki ya matsa, ko ciwon ƙirji ya zo da wata siga dabam da wadda kika saba, kamar ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, kada ki jira mako mai zuwa. Ki gaya wa wanda kika yarda da shi ya kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar.

Daga yau zuwa ranar zaman, ki samu ƙaramin littafi. Duk lokacin da abin ya zo, bayan ya lafa ki rubuta rana da lokaci, inda kike, abin da kika fara ji a jiki, tunanin da ya zo miki, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, da abin da kika yi. A shafin baya ki rubuta abubuwan da kika daina yi saboda shi, da tambayoyinki a kan karatunta, kuɗi, sirri da tsawon aikin. Ki tafi da littafin ki miƙa mata, zai rage muku tambayoyi da yawa a zaman da kika biya kuɗinsa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace.